Yadda Na Samu Takalmin Da Ya Dace Da Shimfiɗaɗɗiyar Ƙafata

Ni malamin makarantar sakandare ne a birnin Kano, lissafi nake koyarwa, kuma wanda ya san wannan aiki ya san cewa malamin lissafi ba ya zama matuƙar akwai alli a hannunsa. Tun tasowata ƙafata ba ta da ramin nan da ake gani a tsakiyar tafin ƙafar yawancin mutane. Idan muka fito daga wanka muka taka daɓen siminti, sawun yayyena yakan fito da gurbi ta gefen ciki, nawa kuwa yakan fito cif tun daga dunduniya har yatsu. Sukan yi mini dariya, amma mahaifiyarmu takan tsawatar musu ta ce haka ƙafar mahaifinta take, kuma da ita ya yi fatauci a ƙasa har tsufansa ba a taɓa jin ya koka ba. Ni ma a lokacin ba na jin komai, domin na yi ƙwallo ba takalmi a filin unguwa, na yi tseren makaranta, na kuma yi doguwar tafiyar ƙasa lafiya lau.

Ranar da na fara sanin cewa siffar ƙafa tana iya tare wa mutum hanya ita ce ranar da na je neman aikin ɗamara bayan na kammala sakandare. An jera mu ba takalmi, wani jami'i yana bi ta bayanmu yana duban ƙafafu, da ya iso kaina sai ya dafa kafaɗata ya ce in fita daga layi. Shimfiɗaɗɗiyar ƙafa tana cikin jerin abubuwan da ke hana a ɗauki mutum, tare da gwame da ƙafar baka, saboda haka bai saɓa ƙa'idar da aka ba shi ba. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, musamman da yake a gudun da aka sa mu da safe na wuce da yawa daga cikin waɗanda aka bari a layin. Daga nan na nufi kwalejin horar da malamai, maganar ƙafa kuma ta fita daga raina shekara da shekaru.

Ciwo bai zo ba sai da na haura shekara arba'in, lokacin da jiki ya yi nauyi, teɓa ta fito, darussa kuma suka ƙaru. Da dunduniyar dama ya fara. Idan na tashi sallar asuba, takun farko da zan yi daga gado yakan zo da suka mai tsanani a ƙarƙashin dunduniya, sai in ɗingisa zuwa wurin alwala, kafin in kai masallaci kuma ya lafa. Daga baya wani ciwon na daban ya biyo, a bayan ƙashin idon sawu ta gefen ciki, shi kuma ba ya zuwa sai an tashi daga makaranta, kuma yakan zo da ɗan kumburi. Matata ce ta fara lura da cewa duk takalmana sun cinye ta gefen ciki, har idan aka ajiye su a ƙofar ɗaki sai a ga sun karkata suna jingina da juna.

Na bi hanyoyin da kowa yake bi, wato man zafi, da ruwan ɗumi da gishiri da daddare, da ƙwayar rage raɗaɗi daga kemis, har wanzami ya yi mini ƙaho a sha-raɓa bisa shawarar wani kawuna. Shawarar da aka fi ba ni kuwa ita ce in nemi takalmi mai taushi, kuma hankali yana saurin karɓar wannan magana, tunda wuri mai ciwo laushi yake so. Na sayi silifa mai kaurin soso, na kuma sayi wata shimfiɗar cikin takalmi mai danƙo wadda mai sayarwa ya rantse cewa ita likitoci suke sawa. Dunduniya ta ɗan samu sauƙi, amma ciwon idon sawu ya ƙaru, domin soso yana lotsawa ne a inda nauyi ya fi sauka, ni kuwa nauyina ta gefen ciki yake sauka, sai takalmin ya ƙara tura ƙafar inda da ma take faɗawa.

Wani abokin aikina da aka taɓa yi wa aikin karaya ne ya matsa mini in je Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake nan cikin Kano tun 1959, amma ni a tunanina sai mai karaya ko wanda ya yi haɗari ne yake zuwa can. Likitan da ya duba ni bai fara da hoto ba. Ya sa na naɗe wando zuwa gwiwa, na tsaya ba takalmi na ba shi baya, ya ce daga inda yake zaune yana hango yatsun ƙafata ta dama ta gefen waje fiye da yadda ya kamata, alamar cewa gaban ƙafar ya baje waje, dunduniya kuma ta kwanta. Sai ya ce in ɗaga dunduniya biyu in tsaya a kan yatsu, nan take rami ya bayyana a tafin ƙafata, abin da ban taɓa gani ba tunda nake. Da ya ce in naɗe ƙafar hagu in maimaita da dama kaɗai, da ƙyar na ɗago, kuma ciwon ya soke ni daidai wurin da nake nuna masa. Bayan haka ne ya tura ni hoton ƙashi, wanda aka ɗauka ina tsaye domin a ga ƙafar tana ɗauke da nauyi, ya kuma sa aka auna mini sukari da jini.

Da na dawo da sakamako sai ya ce, "Malam, ka taɓa shiga soron da aka yi wa rufin bakan gizo?" Na ce ƙwarai kuwa, a irinsa na yi karatun allo. Ya ce to ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma wasu daga cikin ƙasusuwan an jera su ne su yi baka irin na wannan rufi, sai dai su ba azara da laka suke riƙe su ba, jijiyoyi ne. Akwai wata faffaɗar jijiya mai kauri da ta tashi daga dunduniya ta bi ƙarƙashin tafin ƙafa zuwa tushen yatsu, akwai kuma wata da ta sauko daga sha-raɓa ta zagaya bayan ƙashin idon sawu na ciki ta kama tsakiyar ƙafa tana ɗaga ta a kowane taku. Tawa ƙafar irin mai lanƙwasuwa ce, bakan yana nan amma yana kwantawa da zarar nauyi ya hau shi, kuma shekaru da yawa jijiyar idon sawun ce take ta faman tallafe shi, har nauyin jiki da doguwar tsayuwa suka fi ƙarfinta ta kumbura. Sukan asuba kuwa daga faffaɗar jijiyar yake, domin takan takure cikin dare, sai takun farko ya fizge ta a inda ta kama dunduniya.

Ya gaya mini ƙarara cewa babu takalmi ko shimfiɗar da za ta mayar mini da rami a ƙafa, abin da ake nema kawai shi ne a rage wa jijiyar aiki ta samu ta warke, domin idan aka bar ta tana iya saki ko ta yage, ƙafar ta kwanta gaba ɗaya ta sandare, a nan kuma sai tiyata. Ya ƙara da cewa mutane da yawa masu irin ƙafata suna gama rayuwarsu ba ciwo, kuma su ba sa bukatar komai. Waɗanda ya kamata su hanzarta zuwa asibiti su ne wanda ramin ba ya fitowa ko da ya tsaya a kan yatsu, da babban mutumin da ya ga ƙafarsa ɗaya ta fara kwantawa alhali a da ba haka take ba, abin da ya fi samun mata da suka haura arba'in, da masu ƙiba, da masu ciwon sukari ko hawan jini.

A sashen gashin ƙashi aka gano cewa agarata a ɗaure take tamau, kuma idan agara ta ƙi miƙewa idon sawu ba ya lanƙwasuwa yadda ya kamata, sai tsakiyar ƙafa ta lotsa domin ta cike gurbin. An koya mini in dafa bango in tura ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, in riƙe haka na daƙiƙa talatin, an kuma koya mini ɗaga dunduniya da sauke ta a hankali, da jawo yatsu da tawul kafin in sauko daga gado. Na haɗa wannan motsa jiki da lokutan salla don kada in manta, na kuma rage sukari a shayi na bar lemon kwalba. Wannan ɓangaren ko kwabo ba ya ci, amma a cikin duk abin da aka ɗora mini shi ne ya fi wuyar ɗorewa, musamman da zarar ciwo ya fara lafawa.

Game da shimfiɗar cikin takalmi, likita ya ce in fara da ta kanti, amma mai tauri wadda take da tudu ta gefen ciki da kwarmi a wurin dunduniya, domin mutane da yawa ita kaɗai take isar su ba sai an kashe kuɗi an ƙera musu tasu ba. Hanyar gane ta gari ita ce a danna tudun da babban yatsa, idan ya lotse har ƙasa to ba zai ɗauki nauyin mutum ba. Ta kanti ta taimaki dunduniyata sosai, amma idon sawu bai daina kumburi ba, saboda haka aka tura ni sashen da ake ƙera ƙafar roba da na'urorin tallafa wa gaɓoɓi. A can aka naɗe mini ƙafa da bandejin filasta irin wanda ake ɗaure karaya da shi, ma'aikacin yana riƙe da dunduniyata a miƙe har ya bushe, daga wannan zubi kuma aka fitar da shimfiɗa ta roba mai ƙarfi da aka lulluɓe da abu mai ɗan laushi. Ya gargaɗe ni cewa kada in wuni da ita a ranar farko, in fara da awa ɗaya ko biyu in riƙa ƙarawa, kuma idan ta bar jan tabo ko ta yi mini kanta in dawo a goge wurin. Ya kuma ce kada in bar ta cikin mota a rana, domin zafi yana iya sauya mata siffa.

Sai dai shimfiɗa ba ta aiki sai a cikin takalmin da zai riƙe ta, a nan kuma neman ya koma kasuwa. Ma'aikacin ya koya mini gwaji uku da hannu. A matse bayan takalmin, wurin da yake rungume dunduniya, a ji ko yana da ƙarfi. A lanƙwasa shi a ga cewa a wurin yatsu yake karyewa ba a tsakiya ba. Sannan a kama gaba da baya a murɗa, idan ya murɗe cikin sauƙi a ajiye shi. Ya ce in nemi wanda ake iya zare shimfiɗarsa ta asali, mai faɗin gaba, mai igiya, in bar tazarar faɗin babban yatsa tsakanin yatsana mafi tsawo da bakin takalmin, kuma in je saye da yamma lokacin da ƙafa ta riga ta kumbura. Da la'asar na shiga Kasuwar Ƙofar Wambai da shimfiɗata a leda, ina ɗaukar kambas ina matsawa ina murɗawa, har wani mai rumfa ya ce, "Alhaji, saye za ka yi ko karya mini kaya za ka yi?" Da na yi masa bayani sai ya shiga ciki da kansa ya zazzago wani buhu. A da lamba 43 nake sawa, amma da shimfiɗar sai da na koma 44.

Takalmin gwanjo yana da inganci a farashin da malamin makaranta zai iya, amma yana da tarkonsa ga mai irin ƙafata, domin ya riga ya ɗauki takun mai shi na farko. Nakan ɗora shi a kan benci in duƙa in dube shi ta baya, idan ya karkata ko kaɗan in bar shi, ko da samansa yana walƙiya. Nakan kuma danna sosan da ke tsakanin tafinsa da ƙasansa, domin wanda ya yi tamoji ya riga ya mutu, wani kuma da ya daɗe a ajiye yakan fara marmashewa bayan 'yan kwanaki ko da ba a taɓa sa shi ba.

Da kambas da shimfiɗa ciwo ya ragu ƙwarai a makaranta, amma sai na ci karo da abin da babu wanda ya ambata a asibiti, wato yadda rayuwarmu take da cire takalmi. Salla biyar a masallaci, shiga zaure gaida dattijo, zaman gaisuwar mutuwa, ɗaurin aure, shiga ɗakin mahaifiya, ko'ina sai mutum ya tuɓe, kuma ba banza ba silifa da sau-ciki suka zama takalmanmu. Mai igiya yana durƙushe yana kwancewa an riga an tayar da iƙama, idan an sallame kuma ya tare ƙofa yana ɗaurawa mutane suna tsallake shi. Bayan alwala dole in tsane ƙafa da ƙaramin tawul kafin in mayar da safa, in ba haka ba, a zafin Afrilu da yakan haura digiri 40, tsakanin yatsu ya fara ƙaiƙayi. Ga kuma fargabar ɓarayin takalma, tunda shimfiɗar ta fi takalmin tsada, sai na koma shiga da shi sahu a cikin jaka. Kambas da kaftani ɗalibaina sun yi dariyarsu sun gaji, amma kambas da babbar riga ranar Juma'a ko ranar biki ni kaina ban iya ba, duk ranar da na koma silifa kuwa idon sawu yakan tuna mini kafin magariba.

Mafita ta zo ne daga hannun wani dattijon baduku a cikin gari, wanda ya gaji sana'ar fata daga iyayensa. Na kai masa shimfiɗar na ce, "Baba, so nake a yi mini takalmin da zan sa da babbar riga, amma cikinsa ya zama kamar wannan." Ya juya ta a hannu ya daɗe yana shafa tudun da yatsa, sannan ya sa na taka kwali ina tsaye ya zana ƙafafuna biyu, kowace daban, domin ta dama ta fi bajewa. Ya yanka roba mai tauri ya jera ta hawa-hawa ta gefen ciki, ya goge ta da injin gurza yana gwadawa da shimfiɗar asibiti har tudun ya yi daidai, ya fafe wurin dunduniya ya yi kwarmi, sannan ya lulluɓe da fata. Na farko da ya yi ba shi da maɗauri ta baya, sai dunduniyata ta riƙa zamewa daga kan kwarmin, yatsuna kuma suna ƙanƙame takalmin don kada ya fita. Shi da kansa ya ce, "Ɗana, wannan ƙafar taka sai an kama ta ta baya," ya ƙara faffaɗan maɗauri a bayan dunduniya da wani a kan ƙafa, dukansu masu mannewa, yadda da hannu ɗaya nake ɓallewa a ƙofar masallaci. Na kai shi asibiti aka duba, ma'aikacin ya ce bai kai takalmi mai igiya riƙe ƙafa ba, amma ya fi silifa nesa ba kusa ba, ya kuma sa aka ɗan rage tudun hagu.

Yanzu haka na raba takalmana gida uku. Kambas da shimfiɗar asibiti na makaranta ne da duk wata doguwar tafiya, na baduku na Juma'a ne da taro da masallacin unguwa, akwai kuma na uku, shi ma aikin badukun ne, wanda ba ya fita waje sam, domin na gano cewa yawo ba takalmi a kan tayil da siminti yana cikin abin da ya fi tayar mini da dunduniya. Sai da aka ɗan kai ruwa rana kafin uwargida ta yarda da takalmi a kan ledar ɗaki, kuma sharaɗinta shi ne kada ya taɓa tsallake ƙofar tsakar gida. Inda babu dabarar takalmi shi ne tsayuwar tahajjud a goman ƙarshe na azumi. A nan nakan nemi wurin da darduma take da kauri, in miƙe agara kafin in fita da bayan na dawo, idan kuma idon sawu ya fara zafi in zauna in ƙarasa raka'ar a zaune. Sukan asuba ya tafi, kumburin ma ba ya zuwa sai na wuce gona da iri, amma ƙafar tana nan a shimfiɗe yadda take, kuma shimfiɗar tana tsufa, sai an sabunta mayafinta idan ya cinye.

Ƙaramar 'yata tana da shekara huɗu mahaifiyarta ta ga sawunta irin nawa, hankalinta ya tashi, ta ce a yi maza a saya mata takalmi na musamman tun kafin abin ya yi nisa. Da muka kai ta, likita ya sa ta tsaya a kan yatsu ramin ya fito, ya ce kusan kowane jariri da shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ake haihuwarsa, kuma ramin yakan bayyana ne a hankali zuwa wajen shekara shida, wani ma har zuwa goma. Da yake ni mai son alƙaluma ne na je na karanta, na tarar cewa a 1989 an wallafa wani bincike a Amurka inda aka bi yara na tsawon shekara uku, aka ga takalman gyara da shimfiɗu ba su sauya siffar ƙafarsu fiye da ta yaran da ba a sa wa komai ba. Wani binciken kuma da aka wallafa a 1992 a kan yara 2,300 a Indiya ya samu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa a kashi 8.6 cikin ɗari na masu sa takalmi, da kashi 2.8 kacal na masu yawo ba takalmi. Saboda haka muka bar ta tana wasanta a tsakar gida ƙafa ba takalmi, makaranta kuma da sandal na yau da kullum. Likita ya ce mu dawo da ita idan ta fara kukan ciwo, ko tana gajiya da wuri ta ƙi wasa da sa'o'inta, ko muka ga ƙafa ɗaya ta bambanta da 'yar'uwarta.